Shagon da makullinsa ba ya hannunka

Wata safiyar Litinin ce a watan Fabrairun 2024, ko karyawa ban yi ba, sai ga kiran shugaban wata makarantar kuɗi da nake kula wa da shafinta na intanet. Dattijo ne mai sanyin magana, amma ranar ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba. Ya ce, "Injiniya, kwana uku ana yi mana sanarwa a rediyo cewa yau za a fara cike fom ɗin sabbin ɗalibai a shafinmu. Tun asuba iyaye ke kirana, sun ce ba ya buɗuwa. Lafiya kuwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni minti goma." Na buɗe kwamfuta, na rubuta adireshin makarantar. Babu hoton ginin, babu bajo, babu fom. Farin allo ne fayau da layi ɗaya na Turanci, wai an dakatar da wannan asusu.

Kuɗin haya ne ya ƙare. Shekara uku kafin nan, ni da hannuna na kama wa makarantar wuri a wani kamfani na ƙasar waje, saboda tallarsu ta ce dala 3 a wata. Na biya na wata 36 a dunƙule, dala 108, a lokacin da dala ba ta kai naira 500 ba, wato naira dubu 50 da 'yan kai. Ranar da na je sabuntawa sai na tarar farashin ya koma dala 10 a wata, ita kuma dalar ta haura naira 1,500. Hayar shekara guda tak ta zama naira dubu 180. Ga shi katina na naira ba ya biyan kuɗi a waje, domin tun ƙarshen 2022 yawancin bankunanmu suka rufe wannan ƙofa. Sai da na nemo wani abokina mai asusun dala, shi kuma yana kan hanya, wayarsa na shiga tana fita. Ba a ga shafin ba sai bayan la'asar.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Shugaban makarantar bai san sunan kamfanin ba, ni ya sani, kuma yana da gaskiya da ya tuhume ni, domin farashin sabuntawar yana nan a rubuce da ƙananan haruffa, ni ne ban karanta ba. Sai dai tun daga ranar nake juya maganar a raina. Na fi shekara goma ina gina wa makarantu da 'yan kasuwa da ƙungiyoyi shafuka a Kano, kuma duk wanda ya zo wurina tambayarsa ta farko ita ce, "Nawa ne?" Amma ban taɓa ganin wanda ya bar kamfani don an faɗa masa farashi mai tsada tun farko ba. Waɗanda na ga sun fita da ɓacin rai, shammatarsu aka yi, ko kuwa sun yi ta kira a ranar wahala babu mai ɗagawa. Ra'ayina ke nan a taƙaice: abin da mai shafi yake saye amana ce, kuma kamfanin da bai gane haka ba, ko kyauta ya bayar ya yi tsada.

Ga wanda bai saba da harkar ba, misalin shago ya fi kusa. Duk shafin da ka buɗe a wayarka yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira saba. Ajiye shafi a cikinta shi ne abin da masu sana'ar ke ce wa hostin, ni kuwa na fi son in ce hayar masauki. Sunan shafin, wanda ke ƙarewa da .com ko .ng, shi ne allon ƙofar shago, kuma hayarsa daban ake biya duk shekara. Masaukin ma hawa-hawa ne. Akwai irin gidan haya na ɗaki-ɗaki, inda shafuka ɗaruruwa ke cikin saba ɗaya, mita ɗaya, famfo ɗaya. Idan maƙwabcinka ya yi baƙi da yawa, kai ma ruwanka ya ɗauke. Akwai wanda za a yanka maka sashenka da ƙofarka. Akwai kuma mai kama gida sukutum, kamar banki ko babbar jarida. Yawancin mutanena a gidan ɗaki-ɗaki suke, kuma babu laifi a cikin haka. Mai sayar da turaren wuta ba ta buƙatar abin da banki ke buƙata.

Adalci shi ne in fara da abin da masu masaukin ke fama da shi, don mu masu haya mukan ɗauka iska suke sayar mana. Saba ƙarfe ce, kuma da dala ake shigo da ita. Tana cin wuta awa 24, tana fitar da zafi, saboda haka ɗakin da take ciki sai da na'urar sanyaya wuri da ba ta hutawa. A ƙasarmu wannan na nufin janareta biyu ko uku, tankin dizal, batura, da injiniyan da zai kwana a wurin. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga farashin rukunin masu samun wuta sosai daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. Duk wanda ke da injin niƙa ko shagon ƙanƙara ya san abin da wannan ya yi wa jarinsa. To, manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na Legas, irin su Rack Centre da ke Ikeja da cibiyar MainOne da ke Lekki, masana'antu ne masu haɗiyar wuta fiye da injin niƙa nesa ba kusa ba.

Sannan ga kuɗaɗen da ba a gani. Manhajar cPanel, wadda akasarin ƙananan kamfanoni ke ba mai haya don ya sarrafa shafinsa, da can kuɗi ɗaya ake biya wa saba ko shafi nawa ke cikinta. A 2019 masu ita suka sauya tsari, suka koma lissafi da yawan asusun da ke cikin sabar, kuma tun daga nan suke ƙari kusan duk shekara. Sunan .com kuwa kamfani ɗaya ne a Amurka, Verisign, ke riƙe da rajistarsa. Farashin sarinsa ya daɗe a dala 7.85, sai ya fara hawa a 2021, ya kai dala 10.26 a watan Satumban 2024. Ka ɗora wannan a kan abin da ya samu naira tun da aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kamfanonin gida da yawa sari suke yi: su kama saba a Jamus ko Amurka da dala ko yuro, su yayyanka su sayar mana da naira. Idan irin wannan kamfani ya ƙara kuɗi, ba lallai ne haɗama ba ce. Wanda ma bai ƙara ba shi nake tsoro, don ko dai ya cusa shafuka dubu a inda ya kamata ɗari uku su zauna, ko kuwa yana gab da rufe shago.

Na yarda da wannan duka. Inda muka raba gari da su shi ne yadda ake faɗin farashin. Babu mai gidan haya a Kano da zai ce maka shago naira dubu 100 ne a shekara, ka zuba kanta, ka yi fenti, ka buga allo, ka tara abokan ciniki, sannan shekara ta zagayo ya ce dubu 300 ne, ai yana rubuce a bayan rasit. Da wani ya yi haka, kafin magariba maganar ta kai gaban shugaban kasuwa. Amma a harkar masaukin shafuka wannan ya zama al'ada tun daga manyan kamfanonin duniya har zuwa masu kwaikwayonsu na gida. Ana rubuta farashin shiga da manyan haruffa masu launi, na sabuntawa kuwa sai ka sa tabarau. Dabarar a fili take: sun san ƙaura da shafi wahala ce, kuma wanda ya riga ya shimfiɗa kayansa zai gwammace ya biya da ya kwashe. Abu na farko da mai haya ke so bai taka kara ya karya ba. A rubuta farashi biyun gefe da gefe, girman harafi ɗaya. A faɗa ko harajin kashi 7.5 yana ciki ko ba ya ciki. Idan za a yi ƙari, a sanar da wata biyu kafin lokaci, don makaranta da kasafi take aiki, kuma ma'aji ba ya fitar da kuɗi sai kwamiti ya zauna.

Haka nan kalmar "ba iyaka" da ake liƙa wa kowane tsari. Wurin ajiya ba iyaka, baƙi ba iyaka. Babu rumbun da ba ya cika. Iyakar tana nan, an ɓoye ta ne a cikin sharuɗɗa, a yawan fayilolin da aka yarda ka ajiye ko ƙarfin injin da aka yarda ka ja, kuma ba za ka san da ita ba sai ranar da kasuwarka ta buɗe, ranar da aka saki sakamakon jarrabawa iyaye ɗari biyar suka shigo a lokaci guda. Na fi ganin mutuncin wanda zai ce min gigabait 10 ne, in ka cika ga farashin ƙari. Akwai kuma sayar da abin da kyauta ne. Ɗan kwaɗon nan da ke fitowa kusa da adireshin shafi, alamar cewa an killace bayanan da ke wucewa, wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt tana ba da shi kyauta tun 2015. Tun watan Yulin 2018 manhajar Chrome ke yi wa duk shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro, wato ya zama dole. Har yau ina ganin rasit ɗin da aka caji ƙaramin ɗan kasuwa kuɗi mai kauri a kansa, ba tare da an gaya masa akwai na kyauta da zai ishe shi ba. Cin jahilcin abokin ciniki ba riba ba ce mai albarka.

Abu na biyu da mai haya ke nema, wanda a wurina ya ma fi farashi nauyi, shi ne mutum. A ranar makarantar nan na rubuta wa kamfanin cewa kuɗi na zuwa, su buɗe mana ko na awa shida ne. Na'ura ce ta amsa min, ta ba ni lambar layi, ta turo min wasu rubuce-rubuce in karanta. Amsar ɗan Adam ba ta iso ba sai washegari, lokacin da buƙata ta riga ta wuce. Bayan wata biyu na mayar da shafin wani ƙaramin kamfani na gida. Wani dare bayan sallar isha shafin ya tsaya cak, ana gobe za a rufe karɓar fom. Na kira lambarsu ba tare da na sa rai ba. Wani saurayi ya ɗaga, ina jin kukan jariri a bayansa. Ya ce in ba shi minti ashirin. Kafin su cika ya kira ni da kansa, ya ce wata ƙaramar manhaja da aka ɗora a kan shafin ce ta sabunta kanta ta rikita komai, ya kashe ta, kuma ga yadda zan gyara da safe. Bai ce laifina ne ba, bai ce ba huruminsu ba ne, alhali yana da ikon faɗin haka. Kuɗinsu bai fi na kowa sauƙi ba, amma shafi goma sha ɗaya na kai musu daga baya.

A nan ina da kira na musamman ga kamfanonin da ke neman kasuwar Arewa. Mutanen da ke biyan kuɗin nan, Alhaji mai shagon taya, Hajiya mai atamfa, shugaban Islamiyya, da yawansu sun fi sakewa da Hausa, kuma saƙon murya a WhatsApp ya fi musu wasiƙar imel da ba sa buɗewa. Gargaɗin ƙarewar haya sau uku aka aiko wa makarantar nan, duk suka faɗa wani akwatin imel da ba wanda ya leƙa tun ranar da aka buɗe shi. Saƙon tes guda ɗaya, ko kiran minti ɗaya da Hausa, da ya wadatar. Kamfanin da ya fara ɗaukar matasa biyu masu jin Hausa ya zaunar da su a kan waya, zai sha mamakin yawan cinikin da ke jiransa daga Sakkwato har Maiduguri.

Na uku shi ne gaskiya game da ranar da abu zai lalace, don zai lalace. Kowane kamfani na alƙawarin shafinka zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. Ka yi lissafi: ɗan abin da ya rage kusan awa 9 ne a shekara. Idan kashi 99 ne, kwana uku da rabi ke nan da ɗoriya. Wannan ba abin kunya ba ne, injin da ɗan Adam ya ƙera dole ya yi tuntuɓe. Tambayar ita ce ina aka ajiye kwafin kayanka. A daren 10 ga Maris, 2021, gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke birnin Strasbourg a Faransa, ɗaya daga cikin manyan masu masauki a Turai. Gini guda ya ƙone ƙurmus, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Ba a rasa rai ba, amma akwai masu haya da suka rasa komai har abada, saboda kwafin ajiyarsu yana cikin harabar da ta ƙone. Ɗan kasuwar da ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani: ba a ajiye littafin bashi da kwafinsa a shago ɗaya. Mai haya na da haƙƙin a gaya masa sau nawa ake ɗaukar kwafi, a wane gari yake, kwana nawa ake riƙe shi, kuma nawa za a caje shi idan ya ce a dawo masa da shi.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ci min rai, wato makulli. Wata Hajiya mai sayar da leshi da atamfa a Kantin Kwari ta zo wurina da leda a hannu. Ta shimfiɗa ta a kan teburina, ta nuna min adireshin shafinta da aka buga a jiki da ruwan zinare. Ta ce, "Ɗan nan, leda dubu biyar na buga, ga katin shago, ga allo. Yanzu in an shiga sai a ga tallar caca. 'Yar'uwata ce ta kira ni daga Abuja tana salati." Da na bincika sai na gano yaron da ya gina mata shafin da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar adireshin. Ya tafi bautar ƙasa, ya canja layi, haya ta ƙare ba wanda ya sani. Sunan .com idan ya ƙare akwai ɗan lokacin alfarma, sannan wa'adin fansa na kwana 30 mai tara mai nauyi, daga nan sai a sake shi kasuwa, duk wanda ya riga ya ɗauka. Nata ya wuce duk waɗannan matakai, wani can a wata ƙasa ya saye. Na ce, "Hajiya, sai dai haƙuri, a sake sabon suna." Ta yi shiru tana ninke ledar, sannan ta ce, "Ashe shekara huɗu ina biyan hayar shagon da ba nawa ba."

Wannan laifin namu ne, mu masu gina shafuka, kafin ya zama na kamfani. Wasunmu ganganci ne, wasu kuwa da gangan suke riƙe makullin don kada mai shafi ya koma wurin wani. Ko wanne ne, cin amana ne. Amma kamfanonin ma suna da rawar takawa. Su riƙa tambayar wanda ya zo rajista: kai ne mai shi, ko wakili ne? A rubuta sunan mai shi da lambarsa daban. Sannan ranar da mutum ya ce zai tashi, a ba shi kayansa da lambar sirrin da zai ƙaura da sunansa ba tare da jan rai ba. Dokar ICANN, hukumar da ke tsara sunayen intanet a duniya, ta ce a ba da wannan lamba cikin kwana 5 idan mai suna ya nema. Na ga inda aka yi mako uku ana yi wa mutum je-ka-ka-dawo. Mai gidan da ya san gidansa na da kyau ba ya kulle ɗan haya a ciki.

Sau da yawa ana tambayata, gida ko waje? Ina tuna ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, kwana huɗu da kama azumi, lokacin da manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Manhajojin bankuna suka yi ta tangarɗa, masu POS suka zauna jugum ana neman kuɗin cefanen buɗa-baki. Ranar ce mutane da yawa suka fara fahimtar cewa saƙon da ya tashi daga Fagge zuwa wani shafi na 'yan Fagge yakan je Landan ko Farankfot ya dawo. Muna da abin da zai rage wannan. Akwai mahaɗar intanet ta ƙasa, IXPN, wadda ke sada kamfanonin sadarwa a cikin gida, tana da rassa a Legas da Abuja da Fatakwal da Inugu da Kano. Akwai sunan .ng, wanda ƙungiyar NiRA, da aka kafa a 2005, ke kula da shi, kuma da naira ake biyansa, ba ruwansa da tashin dala na dare ɗaya. Kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone ma ya gina cibiyar ajiyar bayanai a nan Kano. Idan masu shiga shafinka 'yan Najeriya ne, kuma da naira kake samun kuɗinka, hankali ya fi kwanciya da ka biya haya da naira.

Sai dai kishin ƙasa ba ya tayar da shafin da ya faɗi. Kamfanin gida da ke son mu zauna da shi sai ya faɗa mana gaskiyar inda sabarsa take. Ba aibi ba ne a ce a Jamus take. Aibin shi ne a lulluɓe ta da tutar ƙasa a ce ta gida ce. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, domin makarantar da ke tara sunayen yara da hotunansu da lambobin iyayensu ita za a fara tambaya idan bayanan suka fita, kuma ba za ta iya amsawa ba idan ba ta san inda aka ajiye su ba. Wanda kuma ke sayar wa mutanen Turai ko Amurka kaya, ko shafinsa ya girma ya fi ƙarfin abin da ke kusa, ya tafi waje da idonsa a buɗe, ya tanadi hanyar biyan dala tun kafin ranar biya. Wasu bankuna sun sake buɗe katin naira ga sayayyar waje a tsakiyar 2025, amma wanda ya ga an rufe ƙofar sau ɗaya ba ya jingina da ita.

Mu ma masu haya akwai gyara a wurinmu. Araha ba ta ado. Mutum zai kashe naira dubu 300 a allon shago mai fitila, amma idan aka ce hayar shafin da ke kawo masa ciniki daga Legas da Yamai dubu 40 ce a shekara, sai ya ce a nemo na dubu 8. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin ka biya, ka yi abin da kake yi idan za ka kama shago: ka tambayi waɗanda ke ciki. Ka kira lambar kamfanin da daddare tun ba ka ba su ko kwabo ba, ka ga ko za a ɗaga. Ka tambayi nawa za ka biya a shekara ta biyu. Ka tabbata sunan shafin da sunanka aka yi rajistarsa, da imel ɗin da kai kake buɗewa. Ka sa a riƙa sauke maka kwafin shafin ko sau ɗaya a wata, ka ajiye a wurinka. Wannan duka bai kai wahalar zuwa Legas sarin kaya sau ɗaya ba.

Bayan abin da ya faru, na koma makarantar nan da takarda guda. Na rubuta sunan kamfanin da shafin ke zaune, ranar da hayar masauki ke ƙarewa, ranar da ta suna ke ƙarewa, nawa aka biya bana, nawa ake sa ran biya baɗi, lambar da za a kira, da kalmomin sirri a cikin ambulan da aka liƙe. Na miƙa wa shugaban makarantar na ce, "Ranka ya daɗe, ko bana nan, ko kun sallame ni, wannan ya ishe ku." Ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya kira ma'aji ya ce a shigar da ranakun biyu cikin kalandar makaranta tare da ranakun biyan albashi. Sannan ya buɗe durowar da yake ajiye takardar filin makarantar, ya sa ambulan ɗin a kanta, ya kulle. Tun daga ranar duk wanda na gina wa shafi sai na ba shi irin wannan takarda kafin in karɓi cikon kuɗina. Abin da nake roƙon kamfanonin masauki, na gida da na waje, bai wuce abin da ke cikinta ba: farashin bana da na baɗi, lambar da mutum zai ɗaga, inda aka ajiye kwafi, da makulli a hannun mai shago.